Kaskon da Na Wanke

Ni Usuman sunana, gidanmu na unguwar Guéma a Parakou, sana'ata kuma shuka ciyawa. E, ciyawa. Ku yi dariyarku ku gama, 'yan'uwana sun riga ku. Mu mahauta ne tun kaka da kakanni, yayyena uku har gobe suna bakin teburin nama, ni kaɗai na bauɗe. Duk ranar suna ko biki sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai noman abin da ko akuya ba a bari ta ci!" Ba na tanka musu. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, rabin gazon ɗin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar ado, da kuke gani kore shar a gidajen unguwar Ladjifarani hannuna ne, kuma ban taɓa zuwa teburin kowa roƙon ƙashin miya ba.

Abin da zan gaya muku bara ya faru, daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan Sallar Layya. Ba don ku ji tausayina nake faɗa ba. Ya cika mini ciki ne, na rasa inda zan zubar da shi.

Cikin gidajen da nake kula da su akwai na Alhaji Muhammad Amin Baƙo, mai sayar da siminti da ƙarfen gini. Mutumin Djougou ne, jikan fataken goro da suka riƙa kai da kawowa tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa har suka yada zango a can. Wata safiya ina tsefe gefen gazon ɗinsa ya fito da kofin shayi ya ce mini za a yi wa mahaifiyarsa aikin yanar ido a nan Parakou, za ta yi sati uku ko huɗu a wurinsa. Yana so kafin ta koma gidansu na Djougou a mayar da tsohuwar garkar da ke bayan ɗakinta gazon. "Ina so abin da idonta zai fara gani ya zama kore," in ji shi. "Shekara shida ba ta ga komai ba sai hazo."

Na ce lokaci ya yi daidai. Wanda ya dasa gazon a Maris rana ce za ta cinye masa, wanda ya jira Yuli ruwa zai wanke masa taki, aya-aya kuma ta riga shi kama ƙasa. Amma ƙarshen Afrilu, an yi ruwa ɗaya ko biyu, ƙasa ta sha ta yi taushi, zafi na nan da zai ja saiwa ƙasa, to ko sanda ka kafa sai ta yi toho. Ranar Asabar muka hau motarsa muka nufi Djougou don in ga wurin.

Garka ce ta tsofaffi, kun san irinta. Dangar kara ta kwanta gefe ɗaya, zogale biyu sun yi tsawo sun rasa ganye, ga kututturen lemun tsami da gara ta cinye, ga tofa, ga gwangwanaye da tsummokara da toka ta shekara da shekaru. Ina auna faɗinta da ƙafa sai na ji murya daga ƙofar ɗaki.

"Aminu! Aminu, wa ke tattaka mini garka?"

Tsohuwa ce ƙarama, siririya, tana dafe da bango, idanunta sun yi fari fat. Inna Ummuhani ke nan. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne, kai, mutanen Djougou kunya ta ƙare musu. Kowa ya san Alhaji shi ne babba a ɗakinsu, ga uwa tana kiran sunan ɗan fari gatsal a gaban baƙo. Tawa uwar har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babban yayanmu ba, "wancan" take cewa, ko "mai gidan can". Na yi wannan tunani, na yi murmushi a cikina, na wuce. Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da a nan na tsaya na tambayi kaina dalili.

Wayar Alhaji ta yi ƙara, ya fita zaure. Inna ta yafito ni da hannu, na matsa na durƙusa na gaishe ta.

"Ɗan nan, an ce kai za ka gyara garka."

"Ni ne, Inna."

"Ka ga kaskon can a kife?"

Na duba. Can tsakanin ciyayi akwai wani tsohon kasko baƙi, bakinsa ya ɗan ɓare, rabinsa ya nutse a ƙasa. Na ce na gani.

"Ajiyata ce. Ka kula mini da ita."

"An gama, Inna. Ko ƙwarzane ba zai yi ba."

Ta buɗe baki kamar za ta ƙara magana, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. "Shi ke nan," in ji ta, ta lallaɓa bango ta koma ɗaki.

To ku gaya mini, don Allah, me za ku fahimta? Tsohuwa ta nuna muku kasko ta ce ajiyarta ce. Na sha ganin irinsu, wata tana riƙe da ƙwaryar aurenta, wata da tukunyar uwarta, ba mai taɓawa. Ranar Litinin aka wuce da ita Parakou, ranar Talata na fara aiki, kuma abin da na fara yi kafin in ɗaga ko fartanya shi ne na je na ciro kaskon nan a hankali da hannu biyu. Na kai shi bakin famfo na wanke shi da soso, na goge gansakukar da ke jikinsa, na naɗe shi cikin buhun siminti mai tsabta na ajiye a lungun ƙofar ɗakinta. Har ina yaba wa kaina.

Daga nan na shiga aiki ba ji ba gani. Na sare zogalen, na tumɓuke kututturen, na bi tofa saiwa-saiwa, don ita in ka bar mata ko guntu kamar yatsa za ta dawo ta huda maka gazon. Magina suka rushe dangar suka ja katangar bulo, suka ƙara fili wajen taku huɗu ta gabas, suka toshe tsohuwar ƙofa suka buɗe wata. Tifa biyu ta baƙar ƙasa aka kawo, da kashin shanu busasshe daga rugagen ƙauyen Pélébina. Na baje, na bi da manjagara, na ja katako a kai har wurin ya kwanta sumul, ba tudu ba kwari. Duk wani dutse da tsingaro na tsince, don su ne ke karya wuƙar injin yankan ciyawa. Sannan na kawo gazon daga gandun da nake reno a Parakou, an yanko shi faifai-faifai da ƙasarsa, na jera, na daddanna, na ba shi ruwa safe da yamma. Allah kuma ya taimake ni da yayyafi sau uku. Cikin sati uku ba ka gane inda faifai ya haɗu da ɗan'uwansa.

Wallahi ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Ranar ashirin ga Mayu aka dawo da ita. Ta fito daga mota da baƙin tabarau, tana tafiya ba mai riƙe ta, tana kallon fuskokin jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana dariya. Alhaji ya kamo hannunta ya zagayo da ita bayan ɗaki, ni ina tsaye gefe da sabuwar riga. Ya ce, "Inna, buɗe idonki da kyau. Ga garkarki."

Ta tsaya. Ta cire tabarau, abin da likita ya hana. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, kore shimfiɗe daga bango zuwa bango. Ta juyo tana nemana da ido, ba ta san fuskata ba, muryata kawai ta sani.

"Ina ɗan nan?"

"Ga ni, Inna." Na ruga na ɗauko buhun, na warware, na miƙa mata da hannu biyu. "Ga ajiyarku. Har wanke ta na yi."

Ba ta karɓa ba. Ta dubi kaskon, ta dubi filin, sai ta zauna daɓas a kan siminti. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Bakinta kawai ke motsi.

Wadda ta fasa mana ƙwan ita ce Gwaggo Memuna, ƙanwar marigayi mijinta, tsohuwa mai baki kamar reza, wadda ta zo taryar ta. Tana ganin kaskon a hannuna ta dafe ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kai, wane tsautsayi ya kai hannunka? Daga ina ka ɗauko wannan?"

Na ce Inna ce ta ce in kula da shi.

"Kaskon ta ce maka, ko abin da ke ƙarƙashinsa? Kai wane irin Bahaushe ne? Mace ta ce maka ajiya, sai ta fasa maka baki ta ce 'yar fari?"

Alhaji ya ce, "Gwaggo, wace 'yar fari?"

Nan ta zayyana, a tsaye, a gaban kowa. Shekara hamsin da shida da suka wuce, kafin a haifi Alhaji, Inna ta haifi 'ya mace. Kwana biyar ta yi a duniya, ba ta kai suna ba. Kamar yadda ake yi wa jarirai a gidajen da, maza suka rufe ta a garka, aka kifa kasko a kai. Mai jego ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don 'yar fari ce, abin kunya ne. Ba ta ƙara ambatonta ba, ba wanda ya ƙara ambata mata. Waɗanda suka haƙa ramin duk sun mutu. Amma kowace safiya, in ta gama alwala, sauran ruwan buta a gefen kaskon nan take juye shi. Da ido ya tafi, ƙafarta ta riƙe hanya: daga ƙofa zuwa zogale, daga zogale zuwa kututture, daga kututture taku biyu.

Ni kuwa na sare zogalen, na tumɓuke kututturen, an matsar da bango, an canza ƙofa.

Alhaji, mutum mai shekara hamsin da huɗu, ya tsaya baki buɗe yana jin cewa yana da yaya. Sai a lokacin na gane dalilin da take kiran sunansa ba kunya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Inna ta ɗago kai ta dube ni da sabon idonta. Magana ɗaya ta yi. "A ina ka ɗauke shi?"

Na dubi filin nan da na daidaita da hannuna har ba ya da alama ko ɗaya. Na san wajen tsakiya ne, ya ɗan karkata yamma. Ko gabas? An ƙara taku huɗu, tsakiyar da ba ita ce ta yanzu ba. Na ce a ba ni lokaci in tuna. Aka duba wayar Alhaji, hotuna sun fi talatin, duk na bayan aiki ne. Wa zai ɗauki hoton juji?

Kwana huɗu na yi a gidan ina kwana a zaure, kuma ba na fatan maƙiyina ya ga irinsu. Inna ta daina cin abinci. Da gari ya waye za ta tuɓe takalmi ta shiga gazon ɗin, tana taka shi a hankali, tana lalube da tafin ƙafa, daga wannan bango zuwa wancan. Likita ya hana ta rana, ya hana ta sunkuyo, ita kuwa tana cikin ranar Mayu tsaka tana duƙawa tana shafa ciyawa. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja, ya fara ruwa. In an kamo ta an kai ɗaki, kafin a juya ta fito. Gwaggo Memuna ta ce ita ba ta taɓa kusantar wurin ba, daga nesa take ganin kaskon. Alhaji ya ce a kwashe gazon ɗin duka, na ce ko an kwashe baƙar ƙasa ce kamu ɗaya a ƙasa, ita ma shimfiɗe. Ya ce a tona ko'ina, Inna ta ɗaga hannu ta ce ba mai sa diga a garkar nan yana neman abin da bai san inda yake ba.

Rana ta huɗu da hantsi ta faɗi a tsakiyar filin. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, Alhaji ya juyo kaina, idonsa ya kaɗa. "Usuman, kai ka ɗauke shi. Hannunka ne. Ka tuna mana, don girman Allah."

Ba wanda ya ce in yi ƙarya, kada in ɗora wa kowa. Ni na miƙe. Na je sabuwar ƙofa na tsaya, na runtse ido kamar mai lissafi, na yi taku bakwai, na karkata hagu na yi uku. Na tsaya na nuna ƙasa.

"Nan ne."

Aka tallabo ta har wurin. Ta daɗe tana kallon ciyawar. "Ka tabbata, ɗan nan?"

"Na tuna sarai, Inna."

"Ka tabbata?"

"Wallahi nan ne."

Da bakina na faɗa, da rana tsaka, da alwalata. Ta ce a miƙo mata kaskon. Da hannunta ta kifa shi, ta danna gefensa cikin ciyawa, ta zauna kusa da shi ta juya mana baya. Da azahar ta sha kunu, da la'asar ta ci tuwo.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To ni mai lambu ne, na ga furen tawa, kuma yana da kyau. Inna ta murmure, idon ya washe, ta koma sa tabarau. Duk sati nakan zo daga Parakou in yi yanka, in cire aya-aya, in duba gara. Kewayen kaskon da almakashi nake bi, ba na kai inji kusa. Saboda ruwan butar da take juyewa kullum, ciyawar wurin ta fi ko'ina duhu da kauri, ta yi zobe kamar faifai. Na fara gaya wa kaina, wa ya sani, wataƙila ma na dace. Filin duka nawa yake?

Ranar biyu ga Yuni aka yi ruwan da ya tabbatar damina ta zauna, irin wanda ke cika kwata ya shiga shaguna. Washegari na iso da sassafe don in ga ɓarnar da ya yi. Ina zagayawa sai na ga wuri ɗaya ya lotsa, kusa da inda Alhaji ke ajiye teburinsa na roba in ya zo. Ramin bai fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu ba, siriri, ya miƙe kudu da arewa. Na ce gara ce. Na durƙusa na ɗaga faifan ciyawar, na zura hannu cikin laka don in ji gidanta. Yatsuna suka taɓa wani abu mai santsi, mai lanƙwasa. Na shafa. Gefen tukunyar ƙasa ce da aka raba biyu aka kifa, irin yadda ake rufe ramin jariri kafin a tura ƙasa. Shekara hamsin da shida tana riƙe, sai da na zo na cire mata kaskon da ke kare ta daga ruwa, na jiƙa ta safe da yamma, na bi ta kanta da inji, sannan ta fashe.

Na ƙirga daga nan zuwa inda kaskon yake. Taku tara.

Na wanke hannu, na nufi wurin Inna don in faɗa mata. Allah shaida ne da niyyar faɗa na tafi. Na same ta zaune a kan buzu kusa da kaskon, buta a gefe, tana jan carbi. Tana ganina ta yi fara'a.

"Usumanu, zo nan." Ranar ta fara kiran sunana. Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro fari guda, babba, irin wanda gidansu ba sa ba kowa sai wanda suka girmama. "Ungo. Na riƙe ka a raina kwana huɗu, na ce ka raba ni da abin da ya rage mini. Ashe kai za ka mayar mini. Ka yafe ni. Yadda ka nuna mini nawa, Allah ya nuna maka naka ranar da ka nema."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce amin. Me kuke so in ce? In ce Inna, kwana goma ke nan kina gaida ƙasar Pélébina? Na koma na ciko baro da yashi, na cike ramin, na mayar da faifan ciyawar na daddanna da tafin hannu. Goron na jefa a aljihu, ban iya kai shi baki ba.

Wurin bai kama da kyau ba, ya yi rawaya-rawaya. Ranar jajibirin Sallah na zo yin yanka, Alhaji ya iso da raguna biyu. Ya zagaya yana duba inda za a yanka su, ya tsaya daidai kan facin nan ya buga ƙafa. "Usuman, kai ɗan mahauta ne. Haƙa mana ramin jini a nan, tunda ciyawar wurin ta riga ta lalace."

Na yi sauri na tare shi. Na ce, "A'a Alhaji, ba a nan ba. Tiyon ruwa ya bi ta ƙarƙashi, shi ne ma yake ɗan yoyo." Babu wani tiyo. Na je can lungu na fasa lafiyayyen gazon na haƙa masa raminsa, na ɗauke teburin roba na mayar gefen bango.

Ga 'ya'yan ƙaryar nan sun fara nuna. Aka sake ruwa biyu masu ƙarfi, wurin ya sake lotsawa, na sake cikewa. Alhaji mutum ne da ba ya son abu yana lalacewa a gidansa. Ranar Litinin ta biyu bayan Sallah na shigo da injina, na tarar da wani mutum da diga da shebur tsaye a kan gazon, Alhaji na nuna masa facin. Mai gyaran famfo ne, an kira shi ya tono tiyon ya canza. An shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar bango, ita da Gwaggo Memuna, don tun da idonta ya buɗe ba abin da take so kamar kallon mutane suna aiki.

Mutumin ya tofa yawu a tafinsa ya ɗaga diga. Ban san lokacin da na yar da injin ba. Na ruga na tsaya a gabansa na riƙe ƙotar.

"Kada ka sara! Babu tiyo a nan."

Alhaji ya ce, "Kai fa ka ce akwai."

"Ƙarya na yi, Alhaji." Na juya wajen tabarmar, na durƙusa a kan ciyawa, ban iya ɗaga kai ba. "Inna, ajiyarku tana nan. Ba can ba. Ranar da na rantse ban sani ba, na nuna ne kawai don ku ci abinci. Bayan babban ruwan nan na gano, na taɓa tukunyar da hannuna. Ranar da kuka ba ni goro na riga na sani."

Gwaggo Memuna ta fara sallallami tana tafa hannu, tana kirana abin da ba zan maimaita ba, kuma duk na cancanta. Alhaji ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya sauke. Inna kuwa ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tuɓe takalmi, ta taka har wurin kaskon. Ta sunkuya ta ciro shi, ƙarƙashinsa ciyawa ta yi fari saboda rashin rana. Ta rungume shi a ƙirji ta taho, ina jin tana ƙirga takun a hankali. Da ta iso ta sa tafin ƙafarta a gefen lotsawar, ta shafa, ta shafa. Na matsa mata.

"Kwana ashirin da uku," in ji ta, ba ni take kallo ba. "Ina can ina ba ƙasa ruwa."

Sai ta dube ni. "Injin nan naka, ta kanta kake bi da shi?"

"Ta kanta, Inna."

"Sau nawa?"

"Biyar. Uku kafin in sani, biyu bayan na sani, amma ina ɗaga wuƙar."

Ta gyaɗa kai. Ta durƙusa ta kifa kaskon, ta danna gefensa da yatsu. Sannan ta yi abin da ba ta yi ba shekara hamsin da shida. A gaban ɗanta, da ƙanwar mijinta, da ni, da baƙon da ke riƙe da diga, ta kira sunan yarinyar. Ashe ta raɗa mata suna ita kaɗai, ba liman ba rago. Sau uku ta kira, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida, ta ce, "Ki yi haƙuri, ga ni nan. Ba tafiya na yi ba, ɓata na yi." Daga nan kukan ya zo, na mai jego, daga bakin tsohuwa mai shekara saba'in da biyar. Alhaji ya juya ya kifa goshinsa a bango. Mai gyaran famfo ya ajiye digarsa ya fita a hankali.

Ba wanda ya kore ni. Na tattara kayana na fito, ba wanda ya ce in tsaya. Inna ba ta tsine mini ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, kuma idon nan da ta sha kuka da shi bai ƙara washewa ba. An ce yanzu ta sa an kafa mata turaku da igiya daga ƙofar ɗaki zuwa wurin. Gazon ɗin ba mai yanka shi, tofa ta dawo ta cinye rabi. Gidan Alhaji na Ladjifarani ma ban koma ba, ni na cire kaina.

Goron yana nan cikin aljihun rigar aikina, ya bushe ya yi ja, ya ƙanƙance. Matata ta sha cewa in jefar.

Sunan yarinyar kuwa na ji shi sarai, har yanzu yana kunnena in na tayar da inji. Kada ku tambaye ni, ba zan faɗa ba. Na riga na ɗauke wa matar nan abu daga inda ta ajiye shi sau ɗaya.